Gyara, Kwaskwarima ko Garambawul? Sunan da Muke Ba Sauyin Doka

 

 An ce in yi magana a kan kalma ɗaya tak, wato "gyara", musamman yadda muke amfani da ita idan aka taɓa doka ko kundin tsarin mulki. Na san akwai mai cewa a ransa, yanzu saboda kalmar da yaro ɗan shekara uku ya sani aka hana mu zuwa kasuwa? Ku ɗan yi mini haƙuri. Yawancin mutanenmu ba sa karanta doka, jin ta suke yi a rediyo. Dokar da aka rubuta da Turanci a shafi ɗari, aka yi wata shida ana ja-in-ja a kanta a Abuja ko Yamai, idan ta iso kunnen manomi a Ɓaɓura ko mai shayi a Maraɗi, jimla ɗaya take zama: "an yi wa doka gyara". Duk abin da zai ɗauka game da dokar, daga wannan jimla zai ɗauko shi. To, me jimlar ta faɗa masa, me kuma ta ɓoye? Abin da zan bi ke nan, mataki-mataki.

1. Gyara a bakin Bahaushe

Mu fara daga kasuwa kafin mu je majalisa. Ka je wajen mai awo ka ce a ba ka tiya biyu ta gero. Ya cika kwano ya yi masa tozo, ya juye a buhunka, ya sake, ka biya. Sai ka tsaya, ba ka ɗaure bakin buhun ba, ka ce, "Malam, ba gyara?" Ya yi murmushi, ya ɗebi tafi guda ya watsa maka. Wannan gyara ne, ɗan ƙari don ranka ya yi daɗi ka dawo gobe. Kana juyawa sai ga mai kura da lodi yana "Gyara! Gyara!", wato ka matsa kada a buge ka. Da dare liman ya yi tuntuɓe a karatun tarawihi, wani daga sahu ya yi masa gyara. Akwai gyaran murya a ƙofar gida, akwai gyaran amarya, akwai gyara zama idan magana ta yi daɗi. Idan abu ya fi ƙarfinmu kuma sai mu ce Allah ya gyara.

Ku duba duk waɗannan. Babu ko ɗaya da ya nufi wajen lalacewa. A Hausa gyara hanya ɗaya yake bi, daga ɓaci zuwa kyau, daga kasawa zuwa cika. Shi ya sa da Bahaushe ya so ya ambaci gyaran da ya ƙara ɓata abu, sai da ya nemo masa suna na musamman, ya ce gyaran gangar Auzinawa. Da a ce kalmar tana ɗaukar ɓarna da kanta, da bai sha wannan wahala ba.

Malaman addini da ke zaune a gaba za su ba ni shaida a kan wani abu. A ilimin usulu akwai babin nasikhi da mansukhi, inda hukunci na baya yake ɗauke na farko, kamar juyar da alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba. Kun taɓa jin malami ya ce an "gyara" hukuncin farko? Ba zai faɗa ba, cewa zai yi an shafe shi, domin ya san gyara na nuna da can akwai kuskure, hukuncin Allah kuwa ba ya kuskure. Su waɗannan malamai sun bambanta shafewa da keɓancewa da ƙayyadewa, kowanne da sunansa da sharuɗɗansa, tun ƙarnoni da suka wuce. Ke nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu a auna nauyin sauyi kafin a raɗa masa suna.

Ga inda matsalar take. Kalmar da sashe na 9 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yi amfani da ita a Turance, ma'anarta sauyawa ce kawai. Ba ta yabo, ba ta kushe. Mu kuwa da muka ce "gyara", mun riga mun yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu. Mun gaya wa mai sauraro cewa da akwai ɓaraka, yanzu an ɗinke. Ku tuna watan Mayun 2019 a Kano, lokacin da majalisar dokokin jiha ta taɓa dokar masarauta aka ƙirƙiro Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya. Sunan da aka ba aikin a hukumance gyaran doka ne. A watan Mayun 2024 wata majalisar ta zo ta soke dokar masarautun. Ba ni da hurumin shiga wannan rigima a nan, kuma na ga wasu har sun fara gyara zama, to ku kwantar da hankalinku. Abin da nake so ku lura da shi kawai shi ne, a duk lokutan biyu akwai dubban mutanen da a wurinsu an yi gyara, akwai dubban da a wurinsu an yi ɓarna. Mai karanta labarai da ya ce "gyara" bai sani ba ya shiga layin ɓangare ɗaya.

2. Dangin kalmar da muke cakuɗawa

Gyara ba shi kaɗai yake yawo a ɗakin labarai ba, yana da 'yan rakiya, kuma kowanne da gidan da ya fito.

Kwaskwarima aikin sama-sama ce. Salla ta matso ko biki ya taho, a liƙe tsagar bango, a shafa fenti, baƙi su zo su tafi. Gyaran fuska na mai aski ne, ya daidaita saje da gashin baki, bai taɓa sumar ka ba. Garambawul kuwa daga garejin makanikai ta fito: a sauke inji, a kwance shi ɗaiɗai, a wanke, a canza abin da ya ci, a mayar a ɗaure. Mai mota ya san bambancin gyaran birki da garambawul, aljihunsa ma ya sani. Amma mu masu fassara, don gudun maimaita kalma ɗaya sau uku a labari, sai mu fara da gyara, a jimla ta biyu mu ce kwaskwarima, a ta uku mu ce garambawul, kamar duk abu ɗaya ne. An koya mana cewa maimaici aibi ne a rubutu. A waƙa da ƙagaggen labari, na yarda. A labarin doka kuwa, wannan ado yana ɓatar da mutane.

Ga misali. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sauye-sauyen da suka fitar da jiragen ƙasa da gidajen yari daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke iko da su, suka mayar da su jerin da jihohi ma za su iya yi wa doka, suka kuma ba jihohi damar samar da wutar lantarki da rarraba ta har a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa. Wannan taɓa ginshiƙin rabon iko ne tsakanin Abuja da jihohi 36. Sau nawa muka ji an kira irin wannan aiki "yi wa kundin tsarin mulki kwaskwarima"? Wanda ya ji haka zai ɗauka waƙafi aka matsar.

Ta ɗaya gefen kuma, akwai abin da muke kira gyara alhali sabo ne fil. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, kowa "gyaran dokar zaɓe" yake ce mata. Amma a kan takardar kanta an rubuta cewa an soke dokar 2010 an kafa wata a madadinta. Haka dokar kamfanoni ta 2020 ta soke ta 1990, haka dokar 'yan sanda ta 2020 ta maye gurbin wadda asalinta tun 1943 ne, zamanin Turawa. Wannan ba zancen ƙwalisa ba ne. Idan gyara aka yi, tsohuwar doka tana nan da ranta, abin da ba a taɓa ba yana aiki. Idan sokewa aka yi, lauyan da ya shiga kotu da tsohuwar a hammata ya kafa hujja da ita a kan sabon al'amari, alƙali zai dube shi ta saman tabarau.

Bari in ɗan ratse. A 2019 aka soke dokar gidajen yari aka kawo sabuwa, daga nan muka koma cewa "gidan gyaran hali" maimakon kurkuku ko gidan yari. Fassarar ta yi kyau, ta dace da manufar dokar. Sai dai ku tambayi wanda ya je ziyara, ya ga yawancin mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi ba a ma yanke musu hukunci ba, ko suna ya canza ɗakin kwana. Na dawo kan hanya.

Akwai kuma "jingine", kalmar da sojoji suka sa muka saba da ita. A Janairun 1966 dokar soja ta farko ta jingine sassan kundin tsarin mulki, a farkon 1984 aka sake, a Nijar ma an ji ta a Yulin 2023. Kalma ce mai laushi ƙwarai, domin abin da ka jingine a bango niyyarka ka dawo ka ɗauka. Kundin 1963 da aka jingine a 1966 ba a sake ɗaukarsa ba, sai a 1979 aka zo da wani. Na 1979 ma da aka jingine, bai dawo da sunansa ba.

3. Yadda ake gyaran a aikace

Yanzu mu shiga majalisa. Doka ta yau da kullum, idan za a taɓa ta, ƙuduri ake kawowa. Ya yi karatu na ɗaya, ya tsallake na biyu, ya je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta amince, a kai wa shugaban ƙasa. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30. Idan ya ƙi sa hannu, majalisun biyu suna iya sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku, ya zama doka ko ya so ko ya ƙi. An taɓa yi: dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000 haka ta fito, ba da hannun Shugaba Obasanjo ba.

Kundin tsarin mulki kuwa ƙofarsa ta fi ƙunci. Sashe na 9 ya ce sai an sami kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa. Ku riƙe kalmar "dukkan". Ba waɗanda suka zo zama ran nan ake ƙirgawa ba, kujeru ake ƙirgawa. Sanatoci 109 ne, sai an sami 73. 'Yan majalisar wakilai 360 ne, sai an sami 240. Wanda ya yi zamansa a gida, a lissafi daidai yake da wanda ya ce a'a. Bayan nan sai majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 sun amince. Idan kuwa babi na huɗu za a taɓa, wato na 'yancin ɗan Adam, ko sashe na 8 na ƙirƙiro jihohi, ko shi kansa sashe na 9, to kashi huɗu cikin biyar ake nema, sanatoci 88 da wakilai 288. Akwai ma dokoki huɗu da aka ɗaure a jikin kundin ta sashe na 315, cikinsu har da dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta masu yi wa ƙasa hidima, su ma sai ta ƙofar kashi biyu cikin uku da jihohi 24 ake taɓa su. Saboda haka idan ɗan takara ya hau mumbari ya ce da ya ci zaɓe zai soke dokar filaye, ku tambaye shi ko ya riga ya yi magana da jihohi 24.

To, shi gyaran da kansa, yaya kamanninsa suke a takarda? Mutane suna zaton wani dogon jawabi ne. Ku ɗauki wanda aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wanda matasa suka yi ta fafutika a kansa don a ba su damar tsayawa takara. 'Yan layuka ne. A sashe na 131 a cire shekara 40 a sa 35, ga mai neman shugabancin ƙasa. A sashe na 65 a cire 30 a sa 25, ga mai neman majalisar wakilai. A sashe na 106 ma a cire 30 a sa 25, ga majalisar jiha. Shi ke nan. Lambobi uku aka canza, amma miliyoyin 'yan ƙasa da jiya doka ta ce su jira, yau ta ce bismillah. Kuma ga abin da jimlar "an rage shekarun takara" ta haɗiye: kujerar gwamna da ta sanata ba a taɓa su ba, suna nan a 35. Na sha haɗuwa da samarin da suka ɗauka an buɗe musu ko'ina.

Wani misalin, wanda manyan da ke nan suka gani da idonsu. A Nuwamban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, ya tafi jinya Saudiyya bai aika wa majalisa takardar miƙa riƙo ba. Sashe na 145 ya faɗi abin da zai faru idan shugaba ya aika takarda, amma ya yi shiru a kan idan bai aika ba. Ƙasa ta zauna wata biyu da 'yan kai ba a san wa ke riƙe da ita ba, har sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta fake da lalura ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. A gyaran farko da aka yi wa kundin a 2010 sai aka ƙara cewa idan kwana 21 suka wuce shugaba bai rubuto ba, majalisa za ta ba mataimakinsa riƙo da ƙuri'ar rinjaye. Wannan kam, a ganina, ya ci sunansa. An ga rami, an faɗa ciki, an fito an cike shi. Idan aka ce gyara a nan, ba a yi wa kalmar ƙarya ba.

Salonmu ya bambanta da na Amurka. Su ba sa goge tsohon rubutu, jera sauye-sauyen suke yi a ƙarshen kundin, sun kai 27. Na 18 da ya haramta giya a 1919 yana nan a rubuce, na 21 da ya soke shi a 1933 yana biye a ƙasa. Mu cirewa muke yi mu cusa sabo a gurbin. Amfanin sanin wannan shi ne, kundin da ka saya a bakin titi shekara goma da suka wuce, bangonsa ɗaya da na yau, cikinsa ya bambanta, kuma ba abin da zai nuna maka.

4. "An gyara" da "ana so a gyara"

Wannan batu gajere ne, amma a nan aka fi yin ɓarna. Hausa tana da lokutan aiki sarai, sai dai kanun labari yana son gajarta. Majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a da rana, da yamma a ce "majalisa ta gyara kundin tsarin mulki". Ina! Tafiya ko rabi ba ta yi ba.

Ku bi lissafin zagayen 2022 zuwa 2023. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisun tarayya suka kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurori 68. Waɗanda suka shafi mata suka faɗi tun a nan, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Guda 44 aka aika jihohi. Guda 35 suka sami jihohin da ake bukata, kuma cikin waɗanda suka maƙale a can har da na 'yancin ƙananan hukumomi, wanda ba sai na gaya muku wa ya taka masa birki ba. Daga cikin 35 ɗin, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan 16 a Maris na 2023. Daga 68 zuwa 16. A kowane zango an sami wanda ya ce "an gyara".

Sa hannun ma sai da aka je kotu a kansa. A 2010 majalisa ta ce gyaran kundi ba ya bukatar hannun shugaba, lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce yana bukata, Jonathan ya sa hannu a Janairun 2011. A 2015 kuma shi Jonathan ɗin ya ƙi sa hannu a kan gyara na huɗu, aikin shekaru da kuɗin da aka kashe wajen zagaya mazaɓu suka bi ruwa. Dokar zaɓe ma haka. A 2018 majalisa ta yi ta aika wa, shugaba yana mayarwa, aka shiga zaɓen 2019 da dokar 2010, alhali mutane da yawa sun je rumfar zaɓe da imanin an canza ta.

5. Ranar da kalmar ta zama mafaka

Duk wanda ke son ya zarce a kan mulki, da "gyara" yake fara sallama. Ba wanda zai fito ya ce ina son ƙarin wa'adi. Cewa zai yi kundin yana da kurakurai, a zo a duba. A 2006 an kawo wa majalisar Nijeriya ƙuduri ɗaya mai ɗauke da sauye-sauye fiye da ɗari, da yawansu abubuwa ne da jama'a suka daɗe suna nema. A tsakiyarsu aka cusa guda ɗaya, wa'adi na uku ga shugaban ƙasa da gwamnoni. Ranar 16 ga Mayu, Ken Nnamani yana kan kujerar shugabancin majalisar dattawa, ana nunawa kai-tsaye a talabijin, sanatoci suka yi watsi da ƙudurin ɗungurungum. Tazarce ta mutu, amma ta tafi da sauran duka, mai kyau da maras kyau. Daga irin wannan darasi, da na 2015, majalisa ta koma rarraba sauye-sauyen, kowanne da ƙudurinsa, don kada wake ɗaya ya ɓata gari.

Abin da ya faru a Nijar ya fi wannan koyar da darasin harshe. Kundin 1999 na can ya ce wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma ƙara da cewa wannan sashe ba ya gyaruwa ko ta wace hanya. An kulle ƙofa an jefar da makulli. Da wa'adin marigayi Shugaba Tandja Mamadou ya zo ƙarewa a 2009, sai masu tazarce suka ce ai mu ba gyara za mu yi ba, sabon kundi za mu kawo, abin da aka hana gyara ne, ba a hana sabo ba. Kun ga dabara? A Nijeriya an kira sabon abu gyara don ya wuce, a Nijar an ƙi kiran sa gyara don ya wuce. Kotun tsarin mulki ta ce ba ta yarda ba. Tandja ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni, aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, ya sami ƙarin shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka shiga fada ana tsakiyar taron ministoci. Kundin da aka yi wannan faɗa dominsa wata shida ya yi a duniya.

6. Sauyin da ba a taɓa rubutu ba

Wani lokaci doka tana canzawa alhali ko ɗigo ba a goge ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Ka buɗe sashe na 162, za ka tarar asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan a rubuce. Kotu ba ta gyara kundi ba, fassara shi ta yi. Abin da ya gagara ta ƙofar jihohi 24, sai ya shigo ta ƙofar alƙalai bakwai. Masana shari'a suna ta muhawara a kan ko kotu ta wuce gona da iri, kuma muhawara ce mai ma'ana. Amma mai sauraron da aka gaya wa "an gyara dokar ƙananan hukumomi" an hana shi ma ya san akwai muhawarar.

7. To, me za mu riƙa cewa?

Ba na cikin masu cewa a kori "gyara" a ƙirƙiro wata kalma. Ta riga ta zauna, kuma kalmar da kwamiti ya ƙera a ɗaki ba kasafai take kai wa tasha da majalisar shayi ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi mata rakiya. Idan sashe aka taɓa, a ce gyara, sannan a faɗi abin da aka cire da abin da aka sa, jimla ɗaya ta isa. Idan tsohuwar doka aka kawar, a ce an soke ta an kafa sabuwa. Idan ƙuduri yana hanya, a kira shi ƙuduri, a faɗi zangon da ya kai da wanda ya rage. Idan ana rigima a kan abin, "sauyi" ko "canji" sun fi adalci, a bar wa masu goyon baya su ce gyara da bakinsu, masu adawa su ce ɓarna da nasu. Kwaskwarima da gyaran fuska kuwa a ajiye su sai ranar da da gaske sama-sama aka yi, ko ranar da mai sharhi yake son ya yi zambo, domin a nan suke da daɗi. Garambawul a bar wa aiki irin dokar man fetur ta 2021, wadda ta kwance kamfanin mai na ƙasa ta sake ɗaura shi, bayan kusan shekara ashirin tana kai-komo a majalisa.

Na san halin da mai fassara yake ciki. Saura minti goma labarai, an miƙo masa takarda shafi uku da Turancin lauyoyi, edita yana tsaye a kansa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Sashe na 55 na kundin ya ce za a gudanar da harkokin majalisar tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Tun 1979 wannan magana take a rubuce, har yau ana jiran tanadi. Da a ce kowane gyara yana fitowa da fassararsa ta Hausa daga majalisa, wadda lauya da masanin harshe suka zauna tare suka tace, da mai fassara yana da abin dogaro. Majalisun jihohinmu, waɗanda a wasunsu ana tafka muhawara da Hausa, su ne suka fi cancanta su fara, kuma sashe na 97 ya ba su dama. Ma'aikatan majalisa da ke nan, wannan saƙo naku ne, ku kai shi inda ya dace.

Shugaban zama yana ta duban agogo, na kuwa gane.  Lauyoyi da malaman da ke nan sun fi ni sanin sassan da na ambata, ina maraba da ƙarin bayaninsu. Mai tambaya ya ɗaga hannu za a miƙo masa makirufo, kuma ina roƙon a fara da ɗalibai da ke can baya.